An ɗaura a kan tabarma, ana nema a kan takarda

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a watannin sanyi, ya wuce Kura ya nufi Kadawa da Kwanar Gafan, zai ga abin da ruwan Tiga ya yi wa wannan ƙasa. Kwandunan tumatir jere a bakin titi, manyan motoci na lodi zuwa Kudu, shinkafa a shanye, albasa da masara da alkama kore shar a filayen da kakanni suka sani da fako in rani ya yi. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma shata kashin farko na shirin noman rani na kogin Kano mai faɗin kimanin hekta 22,000, sai Kura da Bunkure da Garun Malam suka zama wurin da baƙi ke zuwa cin rani. Kuɗin shinkafa da tumatir kuwa bai tsaya a bakin kanal ba. Ya biya kuɗin makaranta, ya sayi kujerar Makka, ya yi wa matasa fasfo. Yau a gidajen manoman yankin akwai mai tuƙin mota a Jidda, akwai mai karatun digiri na biyu a Indiya, akwai ma'aikacin jinya a Ingila. Ranar da ɗayansu ya samu wurin zama ya ce zai ɗauko matarsa da 'ya'yansa, abu na farko da ke shan gabansa shi ne, auren da gari duka ya shaida ba shi da wata shaida da hukumar wata ƙasa za ta karɓa. Wannan gibi namu ne, kuma a gida ake cike shi, tun ranar ɗaurin aure da ranar suna.

Tafiya da iyali ba sabon abu ba ne ga Bahaushe. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'arsa har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan. Dubban maniyyata sun bi wannan hanya a ƙasa, da mata da goyo, suna yada zango suna aiki suna tara guzuri. Da aka gama madatsar Sennar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannayen Hausawa da Fulani da Barebari na cikin waɗanda suka riƙe wannan noman rani, shekaru kusan hamsin kafin a haƙa kanal ɗin farko a Kadawa. A wancan zamani ba wanda ya tare mutum a hanya ya ce ya nuna takardar aurensa da matar da ke biye da shi. Abin ya sauya ne da ƙasashe suka samu 'yanci suka fara tantance ɗan ƙasa da baƙo. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa izinin zama mako biyu su fice, mutanen zango da aka haifa a Kumasi suka wayi gari ba su da abin nunawa. Tun daga lokacin duniya take ƙara matse wannan ƙofa, mu kuma har yau yawancin aurenmu da haihuwarmu a bakin shaidu suke.

A dubi yadda ake ɗaura aure a Bunkure ko Barkum ko Kumurya. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ko a harabar masallaci bayan sallar Juma'a. Wakilin ango ya nemi aure, waliyyin amarya ya bayar, an faɗi sadaki an ce lakadan ba ajalan ba, liman ya yi addu'a, an shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar, an raba goro da alewa. Amarya tana cikin gida tare da ƙawayenta, ango ma sau da yawa yana can gefe da abokansa. A shari'a wannan aure ya cika, babu abin da ya rage masa. To amma jami'in biza da ke zaune a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka a Legas, inda ake tantance 'yan Najeriya masu neman ƙaura zuwa can, wasu abubuwa dabam aka koya masa ya nema: takardar aure mai kwanan wata da hatimi, hoton ango da amarya tare, asusun banki na haɗin gwiwa, saƙonnin waya, da amsoshin da suka dace da juna in an tambayi kowannensu shi kaɗai. Yarinyar da aka tarbiyyantar a kan alkunya, wadda ba ta kiran sunan mijinta a gaban mutane balle na ɗanta na fari, ita ce za a zaunar a bayan gilashi a yi mata tambayoyi a kan zamanta da shi. Nauyin bakinta tarbiyya ce, amma a idon wanda bai san al'adar ba yana iya zama alamar auren bogi. Abin da zai tsaya mata a wannan wuri shi ne rubutacciyar shaida da aka yi a kan lokaci.

Batun wakilci ya fi kowanne cin mutane, domin mu a wurinmu ba ma ganinsa a matsayin matsala. Saurayi yana Toronto ko Riyad, iyaye sun gama magana, an sa rana, baffansa ya karɓa masa aure, an kira shi a waya an yi masa Allah ya sanya alheri. Ƙasar Kanada tun watan Yunin 2015 ta daina karɓar auren da aka ɗaura ta wakili ko ta waya ko ta intanet a matsayin hujjar ɗauko mata ko miji, sai in duka biyun suna wurin. Dokar shige da fice ta Amurka tana karɓar irin wannan aure ne kawai idan an nuna ma'auratan sun haɗu sun tare bayan ɗaurin. Birtaniya ta fi sassauci, tana amincewa da shi matuƙar ya inganta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi, amma ita ma sai an kawo hujjar ingancin. Ƙasa uku, hukunci uku, a kan aure guda. Gidan da ya san wannan tun da wuri zai iya ɗaga biki da wata biyu har ango ya samu hutu ya zo da kansa, ya zauna a kan tabarmar, a ɗauki hoto, a rubuta cewa yana nan. Gidan da bai sani ba yana iya ɓata shekara biyu yana bin fayil ɗin da tun farko ba zai wuce ba.

Sai maganar suna da ranar haihuwa, wadda ta fi kama da ƙaramin abu amma ta fi yawan kayar da mutane. Mutum ɗaya ne Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a ta sakandare, Muhammad a lambar NIN, kuma sunan mahaifinsa ya koma sunan garinsu a fasfo. Matar Bahaushe ba ta ɗaukar sunan miji, wanda daidai ne a addini, amma hakan na nufin babu abin da ya haɗa takardunta da nasa sai takardar aure. Ranar haihuwa kuwa, dubban mutane an rubuta musu 1 ga Janairu saboda ba wanda ya riƙe ainihin ranar. Tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa, ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kacal na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista a Najeriya, kuma karkarar Arewa tana ƙasa da birane a wannan lissafi. In babu takardar haihuwa ta asali, sai a koma ga rantsuwar kotu da aka yi mako biyu kafin neman biza, ita kuma ba ta da nauyi a idon jami'i, daga nan sai a ce a je gwajin ƙwayar halitta, da kuɗinsa da jiransa. Akwai kuma ɗan riƙo. A Bunkure yaron da aka ba ka tun yaye ɗanka ne, kai za ka yi masa aure. A dokar Amurka da Birtaniya ba ɗanka ba ne sai da hukuncin kotu, kuma tun 2021 Birtaniya ta sanya Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita ɗauko 'ya'yan riƙo daga cikinsu. Ga ɗan da aka haifa da matar da aka rabu da ita, Birtaniya na neman hujjar cewa mai ɗaukowar shi kaɗai ke ɗauke da alhakin yaron, abin da ke da wuyar nunawa in yaron ya tashi a ɗakin kakarsa.

Mai karatu zai iya cewa, mutum nawa ne daga Bunkure ke zuwa Kanada, da har za a tayar da hankalin manomi a kan wannan? Gaskiya ne ba su da yawa. Amma ƙofar da mutanen Kano suka fi bi ita ce ta Saudiyya, kuma can ma takarda ce ke magana. Mai iƙama, wato takardar zama, ba ya samun izinin kawo iyali sai in sana'ar da aka rubuta masa da albashinsa sun kai, lebura da direban gida da mai aikin gida ba sa ciki, kuma sai ya kawo takardar aure da ta haihuwar yara da aka tantance. Tun Yulin 2017 masarautar ta sa haraji a kan kowane mutum da baƙo ke riƙe da shi, riyal 100 a wata, yana hawa duk shekara har ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya uku zai biya riyal 1,600 duk wata, wato 19,200 a shekara, kafin haya da abinci. Waɗanda suka kauce wa wannan hanya suka shigo da iyali da bizar Umara suka maƙale, su ne suka haifi yaran da ba su da takardar Saudiyya kuma ba su da ta Najeriya, kuma kowa a Kano ya san labarin 'yan tukari da ake kwasowa a jirgi a sauke su a ƙasar da ba su taɓa gani ba. Ga kuma ɗalibai: gwamnatin Kano ta tura mutum 501 karatu waje a 2012, ta sake ɗaukar nauyin 1,001 a 2023, da yawansu magidanta ne. Ko maƙwabciyarmu Nijar, wadda auratayya ta haɗa mu da ita tun kafin a ja iyaka, an rufe kan iyakarta daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024, sannan ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, amma da me za ta nuna auren? Shi kuwa baƙon da ya auri 'yar Najeriya sashen bai ba shi wannan dama ba sam, kuma wannan rashin adalci ne da ya kamata 'yan majalisarmu su gyara kafin mu yi ƙorafi a kan dokokin wasu.

Wani kuma zai ce aure ibada ce, waliyyi da shaidu da sadaki sun wadatar, kawo takarda cikinsa bin tsarin Nasara ne. Babu mai cewa takarda sharaɗin ingancin aure ce, kuma duk wanda ya faɗi haka ya yi kuskure. Amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma sadakin da aka jinkirta bashi ne, gado haƙƙi ne, nasabar yaro ta fi duka nauyi. Maroko, wadda mazhabar Malikiyya take bi kamar mu, adilai biyu ne ke rubuta kowane aure a kai wa alƙali ya sa hannu. Masar na da ma'azuni mai rajistar aure. Saudiyya kanta ta wajabta rubuta aure. Manomin Kadawa ma ya riga ya san amfanin rubutu: gonarsa tana da sashe da lamba a littafin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, yana biyan kuɗin ruwa yana karɓar rasit, kuma ba ya jin hakan ya rage masa tawakkali. Kadada guda ta shinkafa ba ta fi matarsa da 'ya'yansa cancantar a rubuta ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi wajen sukar wannan kira na rubuta aure da haihuwa ita ce ta kuɗi, kuma dole a amsa ta da gaskiya. Takarda komai kyanta ba ta tsallake shingen albashi. A Yulin 2012 Birtaniya ta ce duk mai son kawo mata ko miji sai yana samun fam 18,600 a shekara, a Afrilun 2024 ta ɗaga zuwa fam 29,000, ga jarrabawar Turanci, ga gwajin tarin fuka, ga kuɗin biza da na asibiti. A 2022 'yan Najeriya 60,923 ne suka samu bizar bin ɗalibi a matsayin iyalinsa, fiye da kowace ƙasa, sai gwamnatin ta hana yawancin ɗalibai kawo iyali daga Janairun 2024, ta hana masu aikin kula da tsofaffi daga Maris na shekarar. Amurka na neman mai ɗaukowa ya sa hannu cewa samunsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na ƙasar. A ƙarshen Janairun 2020 Shugaba Trump ya dakatar da bizar ƙaura ga 'yan Najeriya, matan aure da yara suka maƙale har sai da Biden ya soke umarnin a Janairun 2021. A ganina ƙasar da ta karɓi ƙarfin mutum ya kula da tsofaffinta, ta kuma hana shi zama da 'ya'yansa, ta zalunce shi, ko da kotunanta sun ce doka ta yarda. Sai dai wannan shinge ba a hannun mutumin Bunkure yake ba, 'yan siyasar wata ƙasa ne ke ɗaga shi su sauke. Abin da tarihin waɗannan shekaru ya nuna shi ne ƙofar na buɗewa ta rufe ba sanarwa, kuma wanda takardunsa ke a shirye shi ke wucewa a ɗan tsakanin. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Rashin shiri ne ke jefa mutane hannun ejan. Shi zai ce a kawo kuɗi ya haɗa komai cikin kwana uku: takardar aure mai tsohon kwanan wata, takardar haihuwa, har da ƙarin shekaru ga amaryar da ba ta kai 18 ba, tunda Birtaniya da Kanada ba sa karɓar matar aure ƙasa da haka. Ofisoshin jakadanci sun daɗe da sanin waɗannan takardu, kuma hukuncin yana da tsanani: Birtaniya na iya hana wanda aka kama da yaudara shiga har shekara goma, a Amurka kuwa haramcin na iya zama na har abada. Abin takaicin shi ne auren na gaskiya ne, yaran na gaskiya ne, takardar ƙarya ce ta ɓata su.

Akwai abin da babu takardar da za ta warware shi, kuma ɓoye shi cutarwa ne. Birtaniya tun dokar 1988, Faransa tun 1993, da Amurka da Kanada, duk mace ɗaya suke ba wa izinin zama a matsayin matar aure. Mai mata biyu da ya samu aiki a can dole ya bar ɗaya, kuma adalcin kwana da Allah ya ɗora masa bai faɗi ba don ya hau jirgi. Wasu kan rubuta sakin ƙarya a takarda, ko su shigar da 'ya'yan amarya a sunan uwargida. Wannan wasa ne da saki da nasaba, abubuwa biyu da shari'a ba ta yarda a yi wasa da su ba, kuma ranar rabon gado takardar ƙaryar ce za ta tsaya a kotu, matar da aka share sunanta ta rasa abin kamawa.

Daga nan ne wasu ke cewa to a bar ta a gida mana, gaban iyayensa, ya riƙa aiko da kuɗi, ya fi sauƙi kuma yara sun tashi cikin tarbiyya. Ga wasu gidajen wannan ne mafita, in da yardar matar. Amma kuɗin cefane ba shi ne dukan aure ba. Malamai na kawo ruwayar cewa Sayyidina Umar ya iyakance wa mayaƙa watannin da za su yi nesa da iyalansu, tsakanin huɗu zuwa shida, kuma mazhabar Malikiyya ta ba matar da mijinta ya yi doguwar tafiya, ta kai shekara, damar kai ƙara ga alƙali in ta cutu, ko da ya bar mata abinci. Matar da ta shekara biyar a ɗakin da ke kusa da na surukarta, tana renon yaran da suka san ubansu ta hoton waya, ba za ta fito ta faɗa ba, saboda kunya da gudun a ce ba ta da haƙuri. Shirunta ba ya nufin ta yafe haƙƙinta. Saboda haka waliyyin da saurayi mazaunin waje ya zo neman 'yarsa yana da ikon tambaya tun kafin a sa rana: wace irin takardar zama gare ka, ta ba ka damar ɗaukar mata, in ba ta ba ka ba sau nawa za ka riƙa zuwa gida?

Aikin da ya rage ba mai tsada ba ne. Tun Mayun 2024 dokar jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, don haka masu aure sun riga sun saba zuwa wurin ɗaurin aure da takarda a hannu. Ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam za su iya ba kowane limamin Juma'a littafin rajista mai lamba, a rubuta sunan ango da amarya daidai da yadda yake a NIN, da waliyyi da wakili da shaidu biyu, da sadaki, da kwanan wata na Hijira da na Miladiyya, da bayanin ko ango yana wurin. Kwafi ɗaya ga amarya a hannunta, ɗaya ga ango, ɗaya a sakatariya, inda za a iya tabbatar da shi in wani ofishin jakadanci ko wata kotu ta tambaya. Ranar suna kuma mai unguwa da ungozoma da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi su tabbatar sunan jariri ya isa ga jami'in Hukumar Ƙidaya kafin a yi arba'in, da rubutun suna guda da zai bi shi daga firamare har fasfo. Auren da aka riga aka ɗaura shekaru da suka wuce ma a buɗe musu lokaci su zo su yi rajista yanzu, tun waliyyai da shaidun suna raye suna iya sa hannu.